Teburin Tambaya, Ranar Juma'a

Dusar ƙanƙara ta rufe Montreal tun asuba.
Na kakkaɓe takalmina a bakin ƙofa,
na kunna fitilar tebur, na ɗora butar shayi.
Shekara talatin da ɗaya ke nan ina zama a nan,
bayan majami'a, hawa na biyu,
inda bututun ɗumama ɗaki ke tari kamar tsoho.

Ta farko Madam Perelmuter ce, da sandarta.
Tana son littafin girki mai koren bango
wanda ta ara shekarar da aka yi wa ɗanta aure.
Ba ta tuna sunansa, ba ta tuna marubucinsa,
ta dai tuna akwai ɗigon mai a shafin kifi.
Na samo shi. Bangon shuɗi ne.
Ta ce, "Sun sake masa riga." Na ce, "Haka ne."
Mai son zaman lafiya ba ya musu da mai sanda.

Sai wani saurayi, Zalman Brodkin, daga nesa,
da takarda a ninke, ta yi laushi kamar tsumma.
Sunan ƙauyen kakarsa ne, yadda kunnensa ya kama
daga bakinta, kafin bakin ya yi shiru.
Na ce, zauna, ɗana, wannan ba aikin tsaye ba ne.
Ƙauye ɗaya, suna uku:
yadda 'yan Poland suka rubuta, yadda Rashawa suka murɗa,
da yadda mutanensa ke kiransa da Yidish
in sun dawo daga kasuwa da yamma.
Na jawo aljihun katunan da kwamfuta ba ta haɗiye ba tukuna,
yatsuna sun fi idona sanin hanya.
Muka shimfiɗa taswira, ya danne gefe da gwiwar hannu.
Ba ya nan. Muka sauya harafi. Ba ya nan.
Na ce, ajiye takardar, faɗa mini yadda take faɗa.
Ya rufe ido, ya faɗa da muryar tsohuwa.
Ashe ga shi, gab da wani kogi,
ƙanƙane kamar kashin ƙuda.

Akwai littafin tunawa da waɗanda suka tsira suka haɗa,
kowa ya kawo abin da wuta ta bar masa.
Zalman bai iya karatu daga dama zuwa hagu ba,
sai na ara masa idona.
Shafi na ɗari biyu da sha huɗu, jerin masu sana'a:
mai gasa burodi, mai ɗinkin hula,
sai sunan gidansu, a gefe an rubuta, mai kiwon zuma.
Ya ce, "Shi ya sa take yi wa ƙudan zuma magana a taga."
Na tura masa shayina. Ya riƙe, bai sha ba.

Da azahar Tsipora ta zo, 'yar shekara tara,
haɓarta da kyar ta kai saman tebur.
"Ina son littafin da ba wanda ya mutu a ciki."
Na dubi kantocina, bango huɗu cike da makoki.
Na daɗe ina nema, fiye da yadda na nemi ƙauyen.
Can ƙasa na zaro mata na wani mai gyaran agogo
da kyanwarsa mai satar allura.
Ta ce, "Kin tabbata?" Na ce, "Har kyanwar ta kai ƙarshe."

Rana ta karkata, Asabar na bakin ƙofa.
A kusurwa ga kwalin littattafan da suka tsufa,
masu ɗauke da sunan Ubangiji, ba ma zubar da su,
binne su ake yi kamar mutane.
Na rufa musu mayafi saboda sanyi.
Na kashe fitila, na juya makulli,
sai na ga takardar Zalman ya manta a kan taswira.
Na bar ta nan, kusa da kogin.