Sharaɗi na Biyar

Shekara talatin da ɗaya ina jan motar auduga
daga Garwa zuwa Gaundare,
rana na cin wuyana ta tagar hagu.
Da na ajiye makulli, abu guda na roƙa:
inuwa a tsakar gidana, a Rumde Ajiya.

Mai dashen farko, da baki muka gama.
Ya riƙe hannuna, ya ce, "Baba, bar min komai."
Na ƙirga masa jaka tamanin a kan tabarma,
ya kafa mangwaro huɗu ranar Laraba.
Kafin Juma'a ta biyu sun koma tsinken sakace.
Na bi sawunsa har bakin Binuwai,
aka ce ya tafi biki Marwa.
Har yau bikin bai watse ba.

Ramlatu, autata, ta ce, "Wannan karon a rubuta."

Sali ya zo da igiyar awo da biro a bayan kunne,
ya ɗebi ƙasa, ya murza, ya shinshina.
Yana faɗa, ita tana rubutawa da Faransanci,
tana juyo min da Hausa:
mangwaro uku, gwaiba biyu, lemun tsami ɗaya,
kowane rami zurfin kamu biyu,
takin shanu da ya ruɓe, amalanke huɗu,
daɓen dutse daga zaure zuwa bakin rijiya.
Kafin alƙalami, kashi ɗaya cikin uku.
Na biyu in daɓe ya bushe.
Na ƙarshe, in ji ta, sai Afrilu ya gama fushinsa
ganye na nan a kore.
Sali ya sosa ƙeya, ya ce, "Wannan lauya kuke reno."

Garanti wata shida:
abin da ya mutu don kansa, shi zai sake, kyauta.
Akwai kuma sharaɗi na biyar.
Na ji an karanta,
amma zuciyata ta riga ta shimfiɗa buzu
a ƙarƙashin itacen da bai kai gwiwata ba.
Na sa hannu. Ɗanjuma tela ya yi shaida.

A wata na biyu lemun ya yi rawaya, ya sunkuya.
Sali ya zo, bai ce uffan ba,
ya soka yatsa a gindinsa, ya ji danshi,
ya tono saiwa, ya ga tsutsa.
"Wannan nawa ne," ya ce.
Washegari wani na tsaye a ramin.
Na dinga ba da labari a majalisa kamar ni na ƙirƙiro takarda.

Sai ranar da na fita La'asar na bar zaure a buɗe.
Akuyar maƙwabta ta shigo ziyara.
Ta yi wa gwaiba ɗaya aski tas,
ta ɗanɗana ta biyun.
Na ɗauko takarda ina huci, na ce a kira min Sali.
Ramlatu ta ɗora yatsa a ƙasan shafi:
"Ban ruwa safe da yamma, na mai gida ne.
Abin da dabba ta ci, na mai gida ne."
Na ce ta sake karantawa.
Ta sake. Bai canza ba.

Ashe igiyar da na ɗaure shi da ita
ɗaya bakin a ƙuguna yake.

Na biya jaka biyu, aka kawo sabuwar gwaiba,
na kewaye ta da ƙaya da hannuna.
Yanzu tun asuba nake jan guga.
Mangwaron ya kai kafaɗata,
inuwarsa ba ta wuce faɗin faifai ba,
amma jiya na ga kaza ta kwanta a ciki.
Takardar na cikin akwati tare da lasin tuƙina,
ƙofar zaure kuwa na sa mata sakata.