Inda Ruwa Yake Bi

Bene nake so.
Na faɗa mata tun a bakin zaure,
kafin ta gama tuɓe takalmi.
Ɗaki biyu a sama, da baranda mai duban hanyar Biu,
don Zubairu zai dawo da iyali daga Fatakwal,
kuma, ba zan ɓoye ba,
gidan Alhaji Barde ya tsere mana da hawa ɗaya tun bara.

Ta ce to.
Rumasa'u ce, 'yar Bappa Yerima mai gyaran rediyo,
wadda na taɓa kora daga aji
don ta cika bayan littafin lissafi da zanen gidaje.
Yau ga ta da igiyar awo,
da wata 'yar fitila mai jan ido
da ke auna bango ba ta taɓa shi ba.

Ba ta dubi sama ba, ƙasa ta duba.
Ta tsuguna gindin katangar gabas,
ta zura yatsa a tsagar da muke toshewa da tsumma,
ta ce, "Malam, in aka yi ruwan Agusta, ina yake bi?"

Shekara arba'in da ɗaya ina kwana a gidan nan
ban taɓa tambayar ruwa hanyarsa ba.
Goggo ce ta amsa daga kan tabarma,
hannunta na cikin ƙwaryar gyaɗa:
"Ta bayan madafa, ya kewaye rijiya,
ya ratsa ƙarƙashin ɗakin marigayi, ya gangara kwari."

Aka haƙa gefe ɗaya aka ga harsashi.
Bulo biyu, sai yashi, yashin Gombe
da ba ya riƙe amana.
Ta ce, "Babanku ya yi shi ne don ya ɗauki kwano,
ba don ya ɗauki mutane a kan mutane ba."

Sale magini ya tofar da goro.
Ya ce shi ya gina rabin Herwagana ba takarda,
zane kuwa bai taɓa ɗaga bulo ba.
Na gyaɗa masa kai. Raina yana wajensa.

Kwana tara ta dawo da takarda naɗe.
Babu bene.
Ɗaki biyu a ƙasa, inda garken awaki yake,
taga tana duban arewa don kada ranar la'asar ta dafa jikoki,
magudana ta bi sawun da Goggo ta faɗa, ba ta kauce ba.
Gwaibar da na ce a sare
ta kewaye ta da koren layi ta bar ta.

Ta ƙirga min siminti, ta ƙirga rodi,
da kuɗin izini da ban san ana biya ba.
Ta raba aikin uku daidai da fanshona:
bana magudana da harsashi,
baɗi bango,
rufi kuma in Allah Ya kai mu.

Ban yi godiya sosai ba.
Na ba ta kuɗin zane ina kallon wani wuri.

Da dare na buɗe takardar a kan cinya.
Can kusurwa, gindin gwaiba, ga ɗan dakali,
an rubuta da ƙananan baƙaƙe: wurin karatun Malam.
Rubutun bai canja ba,
har yanzu tana karkatar da kan "k" kamar mai gaisuwa.

Jiya hadari ya taso bayan isha'i.
Na fita da tocila, wando naɗe har gwiwa,
na bi ruwan ta bayan madafa, na kewaye rijiya,
na tsaya inda yake nutsewa
ƙarƙashin ɗakin da aka haife ni.
A can sama fitilar barandar Alhaji Barde tana ci.
Na ɗan dube ta, ba zan ce ban duba ba.
Sannan na sunkuya na kafa tsinke
don Sale ya san inda zai fara haƙa.