Gammon Jirgi

Jirgin da Usta Nurettin ya shekara uku yana sassaƙa
an sayar wa mutanen tafkin Van.
Tsakaninmu da su ba kogi, ba mashigi,
sai duwatsu, sai kwalta mai murɗewa kamar hanjin akuya.
Wai kifi za a goya a bayan mota.
Ni aka ce in yi masa gado.

Ni maƙeri ne, ko iyo ban iya ba.
Na shiga ƙarƙashinsa da alli da kwali,
na kwanta rigingine cikin garin katako
ina auna cikinsa taƙi taƙi,
kamar telan da aka kawo wa mai tumbi.
Ruwa, in ji Usta, ba ya zaɓen inda zai riƙe,
ko'ina tallafa yake, shi ya sa jirgi ba ya ciwo.
Ƙarfe kuwa, inda ya taɓa nan yake ci.

To, sai na zauna koya wa ƙarfe ladabi.
Dogaye biyu a ƙasa, bakwai a gicciye,
nauyi duka a kan ƙashin baya,
hannuwa goma sha huɗu a gefe,
ba don su ɗauka ba, don dai su ce masa kar ka karkata.

Kwana goma sha tara ina walda,
ina barci da yankan dankali a kan idanu.
Hannu na biyar na hagu ya ƙi zama.
Na yanke, na haɗa, na sake yankewa,
ashe ba ni ba ne:
hagun jirgin ya ɗara damansa da yatsa biyu.
Na gaya wa Usta. Ya juya cokali cikin shayi, ya daɗe.
"Ina kan wannan gefen aka binne ƙanena.
Kar ka taɓa jirgin. Gyara gadon."

Gülizar, matarsa, ta kawo tsohuwar dardumar falo,
wadda yaransu huɗu suka yi rarrafe a kai.
Ta miƙo mini almakashi, ta kau da kai.
Muka yi wa kowane hannu gammo ja
don kar fenti ya ji zafin tafiya.

Cevdet direba ya zo da takardar gadoji.
Wata a hanyar Sivas ta fi mu gajarta da kamu ɗaya,
dole aka sauke ɗakin matuƙi,
jirgi ya tsaya ba hula, kamar wanda ya zo neman gafara.
Da ƙugiya ta sauke shi a kan aikina
ban ji komai ba.
Ba ƙara, ba kuka.
Shirun nan shi ne ladana.

Muka ɗaure shi ɗaurin majanyi,
ba na ɓarawo ba.
Da asuba muka bar Baƙin Teku a baya,
fitila rawaya gaba, fitila rawaya baya,
yaro a sama da sanda mai baki biyu yana ɗaga wayoyin lantarki.
Makiyaya suka bar tumaki suna kallo.
Wata tsohuwa ta tambaye mu ko ruwan tufana ne ke tafe.
Duk tsayawa sai in zura hannu tsakanin darduma da katako
kamar mai duba zazzaɓi.

Kwana shida. Sai ga tafki, shuɗi, ba ko gezau.
Aka yanka rago, aka yi tafi,
jirgi ya shiga ruwa bai waiwayo ba.

Ni na tsaya wurin gadon.
Hannuwa goma sha huɗu a buɗe, ba kowa ciki,
amma siffarsa na nan daram,
har da yatsa biyun nan na hagu.