Darasi a Motar da Ke Tsaye

Bayan la'asar, in sanyin Jos ya fara gangarowa daga duwatsu,
nakan buɗe wa Malama Kaneng ƙofar baya.
Ta shiga da sandarta da tabarau mai igiya,
ta kishingiɗa kamar mai motar.
Motar kuwa tana kan jak,
taya ɗaya na wurin mai faci tun Talata.

Shekara talatin tana koyar da yara a Bukur,
ni ne ɗalibinta na farko mai furfura.
Ladan karatu:
in ɗauko mata buhun dankali daga Bokkos, ban karɓi ko sisi ba.

"To, Ɗanjuma. Ni baƙuwa ce, yanzu na sauka daga jirgi,
ko zo in kashe ki ba na ji da Hausa.
Kai ni masauki."

Sai in gyara madubi, in yi gyaran murya,
in ce gud ibinin, madam,
harshena ya yi nauyi kamar tirela a Hawan Kibo.
Ni da na san ramukan hanya daga nan har Akwanga,
na san wanda ya haihu, na san wanda aka cike jiya,
yau ga ni ina lalube a ƙofar gidana.

Ta ce lef, na karya dama.
Yaran unguwa suka bushe da dariya a kan katanga.
Ta ce da gaske ne, da mun faɗa kwatar mai ƙosai.

Wata rana ta sa na lissafa kayan mota.
Na ce birki, na ce giya, kuloci, sitiyari, injin.
Ta cire tabarau ta dube ni:
"Duk waɗannan nasu ne, kai ka ɗinka musu riga.
Cire rigar kawai."
Ashe shekara ashirin da shida ina ɗauke da Turanci
a gidan gaba, bai taɓa biyan kuɗin mota ba.

Daga nan hanya ta ɗan miƙe.
Na iya cewa akwai cunkoso, mu bi ta Farar Gada.
Na iya cewa ɗaura bel, don Allah.
Na iya tambayar in rage sanyi ko in ƙara,
ko da yake motata gilashi ne kaɗai sanyinta.

Daren Asabar ta zama mutanen ofis,
waɗanda za su yi min tambayoyi ran Litinin a Abuja.
Lasin ɗinka? Ga shi.
Shekara nawa? Na faɗa, ban yi tuntuɓe ba.
Sai ta ce, a hankali, kalma bayan kalma:
Ka taɓa yin haɗari?

Na gane tambayar sarai.
Wannan ce ta farko da na so a ce ban gane ba.

Hannuna ya kama sitiyarin da ba ya kai kowa ko'ina.
Ruwan Agusta, gangare, birki ya tafi ƙasa babu amsa,
da Sallau yaron motata, mai fito da baki,
wanda na bai wa hulata da safe don ya ce yana jin sanyi.

Ta ce, "Da Turanci."
Na ce, yes, madam. Wans.
Sauran ya tsaya a maƙogwaro, babu giyar da za ta ja shi.

Ta yi shiru har aka kira magariba a Gangare.
Sannan ta fito, ta zagayo da sandarta,
ta buɗe ƙofar gaba, ta zauna inda yake zama.
Ta ce, "Wannan ya ishe su.
Yanzu faɗa min da Hausa."