Gilashin Taga

Ƙarfe shida da rabi, tashar Kutaisi,
na iso da gilashin taga a hammata,
naɗe cikin tsohuwar jarida da igiya.
Ƙanƙara ta fasa na ɗakin innata tun watan jiya.
Ta toshe da kwali, ta ce ba komai,
amma tarinta ya riga maganarta zuwa ta waya.

Mota ɗaya ke zuwa Tsiblari a yini,
in ta wuce ka, ka kwana da haushinka.
Guram direba ya dubi kayana, ya dube ni:
"A but? Sai dai ka kai wa tsohuwa gari."
Ya ba ni kujerar bakin ƙofa.
Na ɗora shi bisa gwiwa
kamar jaririn da ba a yi wa suna ba.

Mu sha bakwai a mazaunin sha huɗu.
Lamara da bokitin cukwi,
wani soja da ya yi barci tun ba a tada inji ba,
buhun fulawa, batirin tarakta,
sai Otar, wanda ya san kowace kwana ta hanyar nan
da sunan wanda ya mutu a cikinta.

Kwalta ta raka mu har gadar ƙarfe, ta koma.
Daga nan tsakuwa ta karɓe mu.
Dama bango, hagu ba komai,
sai kogi can ƙasa, siriri kamar zaren da ya kuɓuce wa allura.
Duk ramin da muka faɗa
a haƙorana nake jin gilashin.
Inda jarida ta yage ina hango Lamara ta ciki,
tana zana gicciye a ƙirji duk cocin da muka wuce,
har da wanda rufinsa ya faɗa.

Rana ta take, hanya ta ƙare.
Dutse ya zazzago cikin dare,
laka da saiwoyi sun kwanta inda taya za ta bi.
Guram ya kashe inji, ya kunna taba,
ya kira surukinsa da ke wancan ɓangaren
mai tsohuwar akori-kura.

Taku sittin ne, an ce, a kan laka mai santsi.
Ban roƙi kowa ba.
Sojan ne ya farka, ya miƙo hannu,
daga shi sai Lamara, ta aje cukwinta,
daga ita sai wani yaro da ban lura da shi ba tun safe.
Gilashi na tafiya hannu zuwa hannu,
sararin sama na tafiya a cikinsa.
Otar ya karɓa a wurin da ya fi ƙunci,
bai ambaci sunan kowa ba.

A bayan akori-kura muka gangara, a tsaye.
Kunnuwana suka toshe, suka buɗe,
sai ga kwarin gaba ɗaya kamar tafin hannu:
jajayen rufi, hayaƙi uku ko huɗu,
itatuwan tuffa, filin ƙwallon da shanu suka gada.
Iskar ta zo da ƙanshin ciyawa da aka yanka.
Tun ina yaro haka take, ba ta tambayar ina ka daɗe.

Inna na bakin shinge da takalman babana.
Na cire kwali, na ɗaga gilashi, na kafa.
Ya gaza da yatsa biyu daga sama.

Ta yi dariya har tarin ya dawo.
"Da ido ka auna, irin na ubanka."
Ta tsago ulu daga tsohon bargo,
ta cusa da bakin wuƙa, a hankali,
ta huro numfashi, ta goge da hannun riga.
Ta daɗe tana duban can sama,
inda hanya ke ɓullowa daga bayan dutse.

"To," ta ce, "yanzu zan riƙa ganin motar yamma
tun kafin in san ko kana ciki."