Yashin Baba Sada

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a jiragen ruwan Ikko.
Da ya komo Katsina bai zo da mota ba,
teku ya ɗebo, kamu uku cikin gilashi,
ya girke ta a falonmu na Rafin Daɗi
tsakanin firji da kabad ɗin littattafai.
'Yan unguwa suka yi ta sintiri:
wai Sada na zuba wa kifi gishiri tun da ransa.

Murjanin da muka sani na wuyan Inna ne.
Wannan kuwa rayayye,
yana buɗe yatsu in an kunna fitila,
yana dunƙulewa in Nepa ta yi halinta.

A ƙarƙashi, yashi zurfin taƙi guda.
Yakan ɗora yatsata a jikin gilashin:
"Barira, karanta mini.
Sama fari, tsakiya toka-toka,
can ƙasa kamar gindin tukunya.
Kashin kifi, sauran abinci,
duk abin da ya mutu bai yi sallama ba,
nan yake sauka.
Akwai ma'aikata ciki, tsutsa siririya kamar zare,
da katantanwa mai huɗa da daddare.
Ba a biyansu. Ba a kuma rushe musu gida."

Ranar sadakar arba'in ɗinsa
Yaya Mannir ya ce baƙi na tafe, ga dauɗa a idon jama'a.
Ya naɗe hannun riga, ya aro muciya a madafa,
ya tuƙa yashin nan har gindi.
Ruwa ya turnuƙe.
Warin baragurbi ya kori masu addu'a zuwa soro.
Kafin la'asar shuɗin kifin da Baba ke kira Kyaftin
ya juya ciki sama,
biyu suka bi shi kafin magariba.
Mannir na tsaye, muciya na ɗiga kan darduma:
"Gyara fa na zo yi."
Ban yi masa zancen kaza da wuƙa ba.
Shi ma a garin nan aka haife shi.

Yanzu Asabar tawa ce.
Tiyo, bokiti, hantsi.
Faɗin tafin hannu kawai nake taɓawa,
zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ban wucewa.
In matse bakin tiyon da babban yatsa,
yashi ya koma mazauninsa,
laka ta bi ruwa ta fita, launin kunun kanwa.
In ɗiga alama a gilashi inda na tsaya,
mako mai zuwa in ɗora daga nan.
Sai na yi wata uku kafin in kai wancan bango,
lokacin nan na farko ya sake tarawa.
Haka aikin yake, ba a gama shi.

Na rage musu ci.
Ƙaunata ce rabin dauɗar nan, ashe.
Ruwan bokitin kuma ban ba zogale,
gishiri bai san dangi ba.

Jiya Mannir ya jawo akwatin ƙarfen Baba daga ƙarƙashin gado.
Takardun bashi, rasit da ya koɗe,
wasiƙun rigimar gonar Batagarawa
da shi da Baffa Rabe, waɗanda ba wanda ya taɓa faɗa mana.
Ya kama hannayen akwatin zai kife a tsakar ɗaki.
Na dafa murfin.
Na ce, "Ta saman nan kaɗai. Saura sai wata Asabar."

Ya dube ni, ya dubi gilashin.
Wata katantanwa na jan layi a kan farin yashi,
a hankali, ba ta tada ko ƙwaya.
Ya zare takarda ɗaya, ya mayar da murfi,
sannan ya ce, "Ina bokitin? Kawo in riƙe miki."