Ma'aunin Ƙaguwa

Talatar farko ta kowane wata
nakan gangara rafin da ke bayan Naraguta
da bokiti, da ma'auni, da littafi mai shuɗin bango.
Davou ne a gaba, ɗan shekara goma sha ɗaya,
ya san ramukan gaɓar nan kamar ɗakin gyatumarsa.
Zura hannu nasa ne, rubutu nawa.

"Kifar da ita," in ji shi,
"ƙaguwa ba ta faɗin asirinta ta gadon baya."
Na kifar. Ga namiji, murfin cikinsa siriri
kamar aska a kube.
Ga macen, nata faffaɗa,
faifai ne aka rufe ƙwarya da shi.

Da rani, ruwa ya janye ya bar duwatsu tsirara,
sai mun haƙa kamu biyu kafin mu tarar da su
a laɓe cikin sauran laima,
ba nauyi, ɓawo ya dushe kamar tsohon kwano.
A littafina layin miji da layin mata
suna tafiya kafaɗa da kafaɗa,
maƙwabta biyu a hanyar kasuwar Faringada.

Sai hadari ya taso ta kan duwatsun Shere.
Kafin ruwa na uku
hannun daman namiji ya cika ya batse,
awartakin maƙeri sak,
yana ɗaga shi a bakin rami, wai mai gida.
Na ga wanda ya bar nasa a wurin faɗa,
yana tafiyarsa a karkace da ɗan guntun hagu,
bai ko sunkuyar da ido ba.
Wani ya datse babban yatsan Davou;
yaron ya tsotse jinin, ya ce, "Rubuta: wannan ya ƙoshi."

A Agusta rafi ya yi ja, yana ruri.
Macen ta yi nauyi a tafin hannuna,
faifan ya ƙi rufuwa.
Na ɗaga shi da tsinke a hankali:
ƙwai jajaye kamar dawa a zangarniya.
Wata kuma nata sun riga sun fashe,
'ya'ya suna motsi a ƙarƙashinta,
kowanne da cikakkun ƙafafunsa goma,
kowanne da nasa ɗan fushin.
Na ƙirga arba'in da bakwai, ruwan sama ya ɓata tawadar.

Daren nan ina kwafe lambobi a kan tabarma,
Lantana ta tsaya tsakanina da fitila.
"Malam mai awo," ta ce,
"ka san faɗin cikin ƙaguwa har da ɗigo,
amma wata biyu ke nan zanena ba ya haɗuwa,
maƙwabta ma sun riga ka lura."
Na ɗago kai.
Alƙalami ya mirgina ƙarƙashin gado, ban bi shi ba.
Na dubi hannuna na dama:
ba abin da ya ƙaru a jikinsa duk daminar nan
sai kanta a yatsan rubutu.

Dakta Gwom yana son mace guda mai goyo
a cikin kwalba, a jiƙe da magani,
da takarda manne a wuyan kwalbar.
Na kamo masa ita a Satumba, ƙosasshiya,
faɗin bayanta ya fi na duk wadda na taɓa aunawa.
Ta zauna a gindin bokiti tana kumfa,
ƙananan suna leƙowa suna komawa.

Davou ya dube ni, na dubi gajimare.
Ƙafata ce ta taɓa bokitin, ko santsin dutse ne,
Allah masani.
Ta bi gefe, gefe, ba gaggawa,
kamar mai ɗauke da tulu cike.

A gurbin nauyi na rubuta lamba.
A gurbin bayani na rubuta: ta tsere.